Littafin ayarin keke: Tabuka zuwa Madina

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 2024

An tsayar da magana bayan la'asar a majalisar Kawu, a nan Madina. Farkon Janairu za mu kai kekuna Tabuka a mota, daga can mu murzo su zuwa Madina ta Taima da Al-Ula, kilomita 850 ko sama da haka a lissafin taswira. Mutum takwas ne suka ce suna ciki, ban da direba. Kawu ne madugu. Ni kuma an rataya mini jaka da alƙalami, saboda haka duk riyal ɗin da ya fita sai ya biyo ta wannan littafi. Kowa zai zuba 1,500, rabi yanzu, rabi kafin tashi.

Zancen hanya ne ya ci lokaci. Tsohon tafarkin alhazan Sham, wanda Turkawa suka shimfiɗa dogon Hijaz a kansa, daga Tabuka kudu yake miƙewa ta Akhdar da Mu'azzam da Darul Hamra har ya faɗa Hijir, wurin da ake dangantawa da Samudawa kusa da Al-Ula. Kwaltar yau kuwa ta bauɗe gabas ta Ƙaliba da Taima. Ɗan Maraɗi ya kafe a kan tsohuwar, wai in dai kwalta za a bi ai gara mu yi ta zagaya Uhudu. Ɗan Gadarif, wanda kanikanci ne sana'arsa kuma ya san yankin, ya ce masa, "Yaya, can turi za ka yi ba hawa ba, kuma ba mai sayar maka da ko kofin ruwa." Aka yi ta ja har aka kira magariba. Kwalta ta ci, da sharaɗin duk inda tsohuwar hanya ta matso za mu ratse mu duba.

Zaɓen tashi daga arewa kuwa saboda iska ne. Da hunturu galibi daga can take busowa, gara ta turo mu ta baya.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Gwaji zuwa Baida, a bayan garin Madina, da dawowa. Samari suka fizga tun daga bakin gari, a dawowa biyu daga cikinsu sai da suka miƙe a gefen titi suna neman numfashi. Kawu ya iso bayan kowa da rata mai yawa, amma bai sauka ko sau ɗaya ba, kuma da ya iso shayi ya nema.

Laraba, 11 ga Disamba

Sayayya. Tayoyi masu kauri guda shida, tiyub goma sha huɗu, faci da sholisho, sarƙa biyu, robar birki, famfo na ƙafa, fitilun baya, da rigunan nan masu walƙiya da dare. Jimla 1,340. Hular kwano kowa ya sayi tasa. Tanti biyu da risho aro ne.

Mun koma bakwai. Ɗaya daga cikinmu gwiwa ta matsa masa tun ranar Baida, ya zo da kansa ya ce a cire shi. An mayar masa da 750 ɗinsa. Auta ya so ya lallashe shi, Kawu ya ce a ƙyale shi, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Asusu yanzu zai tsaya a 10,500.

An sami a-kori-kura mai kujeru biyu. Direban 2,000 zai karɓa duka tafiyar, mai da abincinsa a kanmu.

Asabar, 28 ga Disamba

Gwaji na ƙarshe da kaya. Ba faci, ba faɗuwa. Matan gida sun haɗa dambun nama da yaji da garin kunu. Auta ya kai kekensa wani shago an ɗaure masa wayoyin wilin baya.

Juma'a, 3 ga Janairu, 2025, Tabuka

Mutum huɗu sun zo a bas, 600, sauran sun biyo kekuna. Sanyin garin nan ba irin na Madina ba ne. Da asuba ruwan alwala sai da ya sa Malam ya yi salati da ƙarfi.

Bayan Juma'a mun leƙa ƙal'a, wato gidan tsaro, da aka gina a 1559, zamanin Sarkin Musulmin Turkiyya Sulaiman, don tsaron ruwan alhazai. Ƙarama ce, amma wanda ya duba inda aka dasa ta, dab da idon ruwa da tafkunan tara shi, ya gane cewa ba don garin aka yi ta ba. Malam ya tuna mana cewa nan rundunar Manzon Allah (SAW) ta sauka a shekara ta 9 bayan hijira, kuma su cikin tsananin zafi suka yi tafiyar, ana karɓa-karɓar raƙumi. Daga nan ba wanda ya ƙara ƙorafin sanyi, aƙalla a bainar jama'a. Tashar jirgin tana nan tsakiyar gari da gine-ginenta na dutse. Dogo ya iso ta a 1906.

Masauki kwana biyu, 500. Mota ta sha mai a kan 2.18 kowace lita.

Asabar, 4 ga Janairu

Mun tashi bayan rana ta ɗan ɗaga, don yatsu ba sa kama birki kafin nan. Iska ta baya kamar yadda aka yi fata, kilomita 96 ba tare da wahala ba. Kafaɗar titi tana da faɗi. Matsalar ita ce siraran wayoyin da ke zuba daga fasassun tayoyin tirela, ido ba ya ganinsu sai taya ta sace. Faci uku yau, duk aikinsu ne. Ɗan Gadarif yana zare su da ɗan hantsaki, ya ce kowa ya shafa cikin tayarsa da yatsa kafin ya mayar da tiyub, in ba haka ba aikin banza ya yi.

'Yan sintirin hanya sun tsaya, suka duba iƙama, takardar izinin zama, suka tambayi inda muka nufa, suka ce kada mu kai dare a kan titi. Mun kafa tanti bayan wani tudu.

Lahadi, 5 ga Janairu

Mun wuce Ƙaliba da hantsi, aka cika jarkoki, aka sayi tamis da ful. Faci ɗaya. Wani mai mota ya tsaya ya sauke mana katan ɗin ruwa da lemo, ya ƙi ko zama.

Litinin, 6 ga Janairu

Ranar da ta kusa raba ayarin.

Tun da asuba iskar ta juya, ta dawo daga kudu tana ɗauke da ƙura. Feda ta yi nauyi kamar mutum yana murza keke a cikin kunu. Agogon keke yana nuna kilomita 9 a awa, wani lokaci 8, a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Duk tirelar da ta wuce sai ta ja ka zuwa titi sannan ta sake ka gefe. Ɗan Maraɗi da Auta da wani saurayin suka ce su za su yi gaba su kama Taima kafin dare, mota kuma ta bi su, da nufin ta sauke kaya a inda za a ci abinci ta dawo. Ba ta dawo ba. Su na gaba sun ga kamar ba nisa suka yi ta ƙara tafiya, direba yana binsu.

Mu huɗu a baya, gora biyu-biyu. Iskar hunturu tana busar da mutum bai sani ba, tunda gumi ba ya zama a jiki. Kafin azahar gorunan sun ƙare, waya ba sabis. Malam ya fara jin jiri, leɓensa ya tsage, ya sauka yana turi. Muka zauna a bakin wata kwalbati muka juya wa ƙura baya. Kawu ya ciro dabino ya ce kada wanda ya ci, ƙishi zai ƙara. Can sai ga wani makiyayin raƙuma, Basudane, da tsohuwar tankar ruwan dabbobi. Ɗan Gadarif ya ɗaga masa hannu. Suna fara magana suka gano 'yan yanki ɗaya ne. Ruwan yana warin ƙarfe, mun sha, mun cika gora, ya kuma kai Malam gaba har inda mota take.

Da dare Kawu bai ɗaga murya ba. Ya jira aka ci abinci, sannan ya dubi ɗan Maraɗi ya ce, "Ɗana, da ka isa Taima yau, wa za ka ce ka zo da shi?" Ya kafa doka uku: mota a bayan na ƙarshe take tafiya, duk kilomita ashirin a tsaya a cika gora ko da ba a jin ƙishi, jagaba ɗaya ne kowace rana, ba mai wuce shi. Ɗan Maraɗi ya ce, "Kawu, a haka ai sai mu shekara." Kawu ya ce to a shekara. Ni a ganina dokar farko kaɗai ta isa ta hana abin da ya faru, amma ta ukun ce za ta hana ƙiyayya, kuma ƙiyayya ta fi ƙishi saurin kashe tafiya.

Kilomita 51 kacal.

Talata, 7 ga Janairu

Iska ta kwanta. Mun shiga Taima da la'asar, gaba ɗaya a jere. An kai Malam asibiti an ƙara masa ruwa, da magani 160.

Laraba, 8 ga Janairu, Taima

Hutu. Ɗakuna biyu, kwana biyu, 440. An wanke sarƙoƙi da fetur, yashin da ya fito ya isa a ce keke ya yi haƙuri.

Mun je rijiyar Haddaj. Na sha jin labarinta, amma ban zaci haka take ba: bakinta wajen mita 18, an ɗaure shi da dutse, kewaye da katakai masu ɗauke da ƙafafun jan guga birjik, inda a da raƙuma da yawa ke ja lokaci guda, ruwan ya bi magudanai zuwa gonakin dabino. Bayan abin da ya same mu shekaranjiya kowa ya daɗe yana leƙa ta. Ba a banza ba Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, ya bar birninsa ya zo ya zauna nan wajen shekara goma a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk mai riƙe da ruwan Taima yana riƙe da fataken turare. Sanannen dutsen nan mai rubutun Aramiyanci da aka samu a garin yanzu yana Faris, mu dai ganuwa muka gani. Malam, da ƙarfinsa ya dawo, ya ba mu labarin Samau'al mai gidan Ablaƙ, wanda ya yarda a kashe ɗansa da ya ba da sulken da aka ba shi amana. Auta ya ce a ba shi jakar kuɗi ke nan ya gwada tasa amanar. Ba a ba shi ba.

Alhamis da Juma'a, 9 da 10 ga Janairu

Kudu zuwa mararrabar Jahra, sannan yamma. Dokar ashirin-ashirin tana aiki, kuma abin mamaki tafiyar ba ta ragu ba: 88 jiya, 84 yau. Ƙasaru muke yi muna haɗa salla. Faci biyu. Gas na risho ya ƙare, an sake.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙasar ta canza, rairayi ja da manyan duwatsu tsaye ɗai-ɗai. A wata gangara wilin bayan Auta ya yi ƙara, wayoyi huɗu suka tsinke kusan lokaci guda, wilin ya karkace ya cije birki. Allah ya kiyaye, gefen yashi ya faɗa, gwiwar hannu kawai ya kurje. Da ɗan Gadarif ya duba sai ya tarar mai shagon ya ɗaure gefe ɗaya tamau ya bar ɗayan sako-sako. Ya yi ƙoƙarin miƙe shi da gwiwa, bakin ƙarfen ya riga ya tsage. Auta ya ƙarasa ranar a mota, fuska a murtuke.

An yi waya Madina. Za a ba wani direba sabon wili ya sauke mana a Al-Ula. Da kuɗin kawowa 420. Na fitar daga asusu, na sa alamar tambaya a gefe.

Lahadi, 12 ga Janairu

Al-Ula. Mun tsaya a Dutsen Giwa. Masauki a nan wuta ne, lokacin baƙi ne kuma ana shirin gasar keken ƙwararru ta ƙarshen wata. Da ƙyar aka samu wani gida a gefen gonaki, 1,500 kwana uku. Lemo kuwa kakarsa ce, araha.

Litinin, 13 ga Janairu

Muhawarar da aka yi ta kauce mata tun Madina ta iso: a shiga Hijir ko kada a shiga.

Malam ya kawo hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa da Manzon Allah (SAW) ya biyo ta nan a hanyar Tabuka ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka, ya rufe kansa ya gaggauta, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo, ƙullun da aka kwaɓa aka ba raƙuma, aka koma rijiyar taguwar Annabi Salihu (AS). Ya ce shi ba za shi ba. Auta ya ce ai kaburburan da ake zuwa gani Nabatawa ne suka sassaƙa su, mutanen Batra ta ƙasar Jodan, a ƙarni na farko na miladiyya, da sunayen masu su a rubuce, su kuwa Samudawa sun daɗe da shuɗewa kafin nan. Malam ya ce, "Ƙanena, wurin dai shi ne wurin." Kowannensu yana da abin kamawa, kuma ban ga alamar ɗaya zai motsa ba. Kawu ya yanke: mai zuwa ya je da kuɗinsa, ba daga asusu ba, ya je da natsuwa, ba ciye-ciye ba shewa, wanda ya zauna kuma kada ya yi wa kowa wa'azi da dare.

Mu huɗu muka je. Tazarar kamar kilomita 22 ce arewa da gari, kuma a motar masu kula da wurin ake zagayawa. Kaburbura sama da ɗari, shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa a jerinta, a 2008. Ƙasrul Farid ya fi tsaya mini: dutse guda shi kaɗai, an gyare samansa sumul, ƙasansa kuma har yau da sawun kurfi, don daga sama suke farawa su gangaro, kuma ba su gama ba. A gefe guda ga ƙal'ar alhazai ta ƙarni na 18 da tashar jirgi da rumfar gyaran injuna. Hanyoyi uku, ta turare da ta hajji da ta dogo, duk sun zo sun durƙusa a kan rijiyoyi ɗaya.

Talata, 14 ga Janairu

Wili ya iso, an ɗaura. Wanki. Ibn Baɗɗuɗa da ya biyo ayarin Sham a 1326 ya ce a garin nan alhazai suke wankin tufafi su ajiye rarar guzuri, mu ma abin da muka yi ke nan, sai dai mu ba mu da rara. An yi sayayyar kwana biyar, an ƙara jarka biyu, don gaba ƙauyuka sun yi nisa da juna.

Laraba da Alhamis, 15 da 16 ga Janairu

Ta Mugaira muka fita. Titi ɗaya ne, motoci kaɗan, raƙuma da yawa. Ɗan Maraɗi ne jagaba ranar Alhamis, kuma shi da kansa yake waiwaye yana ƙirga mu. Mun bar zancen ratsewa tashar Hadiyya, inda kan jirgi yake kwance a gefensa, don a-kori-kurarmu ba za ta iya yashin ba.

Juma'a, 17 ga Janairu, Buwair

A nan muka sami dogon sosai. Tashar baƙin dutse ce, da wurin dakaru da tankin ruwa, ga kan jirgi da taragwanninsa tsaye sun yi tsatsa. Ɗan Gadarif ya yi ta leƙen tukunyar injin ta bayan waya. Faɗin layin mita 1.05 ne, bai kai namu na Najeriya ba da 'yar tazara, shi 1.067. Sultan Abdulhamid na biyu ya fara aikin a 1900 da gudummawar Musulmin duniya, jirgi ya shiga Madina a 1908, shekara uku kafin dogo ya isa Kano. Tafiyar da raƙumi ke yi cikin kwana arba'in daga Dimashƙa ta koma 'yan kwanaki. Bai taɓa kaiwa Makka ba, kuma bai yi shekara goma yana aiki lafiya ba. Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa tawaye a 1916, mutanensa da Baturen Ingila Lawrence suka dinga fasa layin. Tashar Abu Na'am da ke arewa da nan an kai mata hari a Maris 1917. Fakhri Fasha, kwamandan Turkawa, ya riƙe Madina har Janairun 1919, bayan yaƙin kuma dogon kudu bai daɗe ba aka yi watsi da shi.

Abin da na lura a taswira shi ne tashoshin kusan duk kilomita ashirin suke, inji yana son ruwa, masu gadin layi ma haka. Da na nuna wa Kawu sai ya ce shi bai taɓa sani ba, gorarsa ya auna.

Da dare ya ba mu labarin kakansa, wanda ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya yada zango a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Wannan hanya da muke bi ba tamu ba ce, ta mutanen Sham da Turkiyya ce, su aka gina wa ƙal'a da tafki. Namu ba wanda ya gina musu komai.

Asabar, 18 ga Janairu

Mulailih. Gajeriyar tafiya, faci ɗaya, motoci sun fara yawa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun shiga Madina kafin azahar, mu bakwai a kan keke. Mun tsaya a tashar Anbariyya, ƙarshen layin, daga nan aka jingine kekuna a mota aka taka zuwa Harami. Agogon kekena ya nuna kilomita 871.

Alhamis, 23 ga Janairu

Lissafi. Kayan gyara 1,340, direba 2,000, bas 600, mai 580, masaukai 2,440, asibiti 160, wili 420. Abinci da ruwa da gas su suka fi ci, 3,150, kuma kashi mai tsoka na gidajen mai ne, inda ake sayen abin da bai kamata ba saboda yunwa. Jimla 10,690, wato asusu ya yi giɓin 190, daga aljihuna ya fita.

Saura zancen wili. Mutum uku sun ce keken Auta ne, shi zai biya, sai asusu ya koma da rarar 230. Sauran sun ce a hanya ya lalace, na ayari ne. Kawu ya ce kafin a yanke a kai wa mai shagon tsohon wilin ya gani da idonsa. Ɗan Gadarif zai raka Auta ranar Asabar.

Tiyub shida sun rage, da tayoyi huɗu da sarƙa biyu ba a taɓa ba, suna wurina. Za a mayar da tanti gobe. Ɗan Maraɗi ya riga ya kawo shawarar baɗi: a koma Akhdar da Mu'azzam da motar da ke shiga yashi da tayoyi masu faɗi, kwana huɗu. Na ce ya kawo farashin tayoyin a rubuce ranar Juma'a 7 ga Fabrairu, a majalisar Kawu, bayan la'asar.